Wa za ka tambaya kafin a rubuta manhaja? Jagora da misali daga Segedin

A watan Fabrairun 2016 hukumar kula da ƙaura ta duniya, wadda a Nijar aka fi sani da OIM, ta kafa wuraren ƙirga matafiya guda biyu a jihar Agadas, ɗaya a Arlit, ɗaya a Segedin, wato garin da taswira ke rubutawa Séguédine. Akwai dalilin zaɓen wurin. Segedin ƙaramin gari ne na gishiri da dabino a ƙarshen arewacin Kawar, cikin gundumar Bilma, amma a nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Madama da Libiya, ɗaya ta karkata zuwa Shirfa da Jado. Motar da ta taso daga Dirku ta nufi arewa a bisa hanyar da aka saba, dole ta ratsa ta nan. Daga Fabrairu zuwa ƙarshen shekarar, wuraren biyu sun ƙirga masu fita daga Nijar sama da 330,000, mafi yawansu ta Segedin. A 2017 adadin ya faɗo zuwa kusan 70,000.

Masu ƙirgar sun yi aikinsu daidai. Abin da ya sauya shi ne hanyar da direbobi ke bi. Daga tsakiyar 2016 gwamnati ta fara aiki da doka mai lamba 2015-36 ta hana safarar baƙin haure, aka shiga kama direbobi ana ƙwace motocinsu. Tafiyar ta ragu da gaske, amma wani kaso nata kaucewa ya yi, ya bar garuruwa da rijiyoyin da jami'an tsaro ke zaune, ya shiga tsakiyar hamadar Tenere inda babu mai ƙirga kuma babu mai ceto. Rahotannin OIM ɗin kansu sun yi nuni da wannan kaucewar. A watan Yunin 2017 aka kawo mutum 24 Segedin bayan an tsince su a cikin hamada, daga cikin wata tawaga da direbobinta suka watsar. Sauran, sama da hamsin, ba a same su da rai ba.

Na kawo wannan tarihin ne domin duk mai shirin gina tsarin bayanai ya ga abu ɗaya ƙarara: tsarin ba ya sanin komai sai abin da mutane suka yarda suka zuba masa. Wanda zai iya hana shi bayani ta hanyar sauya hanya kawai, ko ta hanyar yin shiru, yana da iko a kansa ko da sunansa bai taɓa shiga takardar gayyatar taro ba. Gano irin waɗannan mutanen tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja shi ne aikin da ake kira gano masu ruwa da tsaki. Masanin da ya yaɗa wannan tunani, R. Edward Freeman, a littafinsa na 1984 ya faɗaɗa ma'anar ta haɗa da duk wanda zai iya shafar aiki da duk wanda aikin zai shafa. Rabin farko kowa na tunawa da shi, domin masu iko ba sa bari a manta da su. Rabi na biyu ne ake yawan tsallakewa.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce an ba ka aikin tattara buƙatun wani tsari da zai riƙa rubuta motocin da suka tashi daga Dirku zuwa Segedin, da waɗanda suka wuce Madama ko Jado, ya kuma ankarar da masu ceto idan mota ta wuce lokacin da ya kamata ta iso. Misali ne na ƙirƙira domin koyarwa, amma mutanen da za mu ci karo da su a cikinsa suna nan.

Fara da bin labari, a ƙafa

Wanda ya ba ka aikin zai miƙo maka jerin sunaye: gwamna a Agadas, perefe a Bilma, shugaban ƙaramar hukumar Dirku, kwamandan soja, jandarmomi, 'yan duwan, mai ba da kuɗi. Karɓi jerin, ka gaishe su duka, domin in ba da izninsu ba ko shingen farko ba za ka wuce ba. Sai dai jerin hoton ofisoshi ne, kai kuwa abin da kake nema shi ne hanyar da labari ke bi.

Saboda haka ka zaɓi labari guda ɗaya na gaske, misali “mota ta lalace a tsakanin Dirku da Segedin”, ka tambayi yadda yake tafiya yau, ba tare da wata kwamfuta ba. Wa ya fara sani? Galibi wani direba ne da ya wuce ya ga motar, ko kuma direban da ya lalace ya kira ubangidansa da wayar Thuraya. Daga nan wa aka gaya wa? Wataƙila mai motar a Agadas, shi kuma ya kira ɗan'uwansa a Dirku, ɗan'uwan ya nemi makanike da jarkokin ruwa. A wane mataki hukuma ta ji? Wa ya ba da man da aka fita nema da shi? Da aka kawo waɗanda ƙishirwa ta galabaitar, wa ya karɓe su, a wane littafi ya rubuta su, wa ya ciyar da su daren farko? Duk hannun da labarin ya taɓa, ka rubuta shi. Kafin ka kai ƙarshen labari ɗaya za ka tarar da mutum shida ko bakwai da ba sa cikin jerin da aka ba ka, kuma su ne ke yin aikin da manhajarka ke shirin ɗauka.

In ka gama da labari, ka bi takarda. Nemi a nuna maka ainihin littattafan da ake rubutu a ciki: rijistar shinge, takardar fasinjoji ta tasha, littafin ma'aikacin lafiya. Ka duba gefen shafi da kyau. Abin da mutum ya ƙara da biro a inda fom bai tanadi gurbi ba, kamar lambar wayar mai mota ko sunan rijiyar da direba ya ce zai tsaya, buƙata ce da babu wanda zai faɗa maka a taro, kuma wanda ya rubuta ta mai ruwa da tsaki ne.

Na uku, ka bi kuɗi. A nan ake buƙatar natsuwa. Kowace hanya tana da masu ci daga gare ta: ɗan kamasho mai haɗa fasinja da mota, mai sayar da mai a durom, mai abinci, mai masauki, ƙaramar hukuma mai karɓar harajin wucewa. Akwai kuma kuɗin da ke sauya hannu ba tare da rasit ba. Tsarin da zai rubuta kowace mota da yawan mutanen da ke cikinta zai fito da bambancin da ke tsakanin abin da ya wuce da abin da aka bayyana. Wanda wannan zai taɓa aljihunsa ba zai ce maka yana adawa ba. Za dai ka ji cewa batir ya mutu, ko rezo ya ɗauke, ko an manta kalmar sirri. Ba aikinka ba ne ka tuhumi kowa, amma wajibi ne ka san su wane ne tsarin zai rage wa wani abu, ka kuma gaya wa mai aikin tun da wuri.

A ƙarshen kowace hira ka yi tambayoyi biyu da ba sa tsufa. Ta farko: “Wa kuma ya kamata in gani a kan wannan?” Ta biyu ta fi amfani: “Wa zai ji haushi in aka yi abin nan ba a gaya masa ba?” Ta farko tana kawo abokan mai magana, ta biyu tana kawo waɗanda yake shakka.

Direba

A misalinmu, mutumin da komai ya rataya a wuyansa shi ne direban motar Hilux. Shi ya san sa'ar da ya tashi, da mutum nawa ya ɗauka, da ruwan da ke cikin motar, da hanyar da zai bi. In bai faɗi gaskiya ba, duk abin da ke cikin na'urar ƙarya ce mai kyan tsari. Kuma yana da dalilin yin shiru. Tsakanin 2016 da 2023 abokan sana'arsa sun shiga kurkuku, motocinsu sun yi shekaru a ajiye a hannun hukuma. An soke dokar a watan Nuwamban 2023, ayarin motoci na fitowa daga Agadas a fili kamar da, amma wanda ya ga abin da ya faru ba zai yi saurin miƙa sunansa da lambar motarsa ga na'urar da bai san inda bayananta ke zuwa ba. Yana da gaskiya kuwa, domin doka tana iya sake juyawa, bayanan da aka adana kuma ba sa gogewa da kansu.

Kada ka nemi direba a ofishin jandarma, kuma kada ka zo masa a motar hukuma. Ka bi ta hannun shugabannin tasha ko wani dattijo da yake ganin girmansa, ka same shi inda yake hutawa, ka bari a sha shayi tukuna. Kada ka tambaye shi abin da yake so manhaja ta yi masa, domin ba sana'arsa ba ce. Tambaye shi abin da ya sani: “Maigida, ranar da mota ta taɓa mutuwa maka a daji, wa ka fara kira? Kwana nawa kafin a zo? Me ya hana ka kiran hukuma?” Daga amsar tambaya ta ƙarshe za ka fitar da buƙatun da suka fi kowanne nauyi, irin su a iya rubuta tafiya ba tare da sunayen fasinjoji ba, ko a goge bayanin tafiya bayan mota ta isa lafiya, ko a ce neman ceto ba zai zama hujjar kama mutum ba. Wasu daga cikin waɗannan ba manhaja ce za ta warware su ba, shawara ce ta hukuma. Duk da haka a cikin takardar buƙatu za ka rubuta su, domin in ba a amsa su ba sauran aikin bai da amfani.

Direbobi kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Mai jigilar 'yan cin rani zuwa Libiya, waɗanda da yawansu 'yan Nijar ne daga Tawa da Damagaram da Maraɗi, damuwarsa daban take da ta mai kai ruwa da abinci wuraren haƙar zinariya na Jado, inda aka yi ta tururuwa tun 2014 har gwamnati ta ba da umarnin rufewa a 2017. Direban babbar mota mai kaya shi ma daban. In ka yi hira da mutum ɗaya ka rubuta “direbobi sun ce”, ka yaudari mai karanta rahotonka.

Waɗanda ba a kira taro

Fasinja shi ne wanda aka ce domin shi ake yin tsarin, kuma shi ne ya fi wuyar samu, domin yau yana nan gobe ya wuce. Nemi masu dawowa daga Libiya, su sun ga hanyar sau biyu kuma ba sa cikin gaggawar masu tafiya. Bayan fasinja akwai iyalinsa a gida, waɗanda in labari ya yanke su ne ke bin tasha suna tambaya. Shin tsarin zai ba su wata ƙofa ta tambaya? Wa zai amsa musu, da wane harshe?

Sai mutanen gari. Mai gari da limami da dattawan Tubawa da Barebari su ne ake tasa da dare idan an kawo gawa ko marar lafiya, kuma su suka san wanda ya iya bin sawu a rairayi. Matan gari kuwa, masu dafa abincin da ake sayar wa matafiya, sukan san motar da ta kwana da wadda ta wuce fiye da kowane littafi, kuma su ne ke karɓar matan da aka ceto. A taron maza ba za su yi magana ba. Ka nemi mace a cikin tawagarka ta same su a gida, in babu mace a tawagar to tawagar ba ta cika ba.

Akwai wani mutum da kusan kullum sai an gama komai ake tunawa da shi: wanda zai riƙa share ƙura daga faifan sola, ya lura da batir, ya san abin yi idan kwamfutar hannu ta ƙi kunnuwa. A wurin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Agadas, kayan gyara sai an jira mota. Buƙatun da za su fito daga bakinsa, wato na'ura ta yi aiki ba intanet, ta jure zafi da ƙura, a sami littafin takarda na ko-ta-kwana, sun fi yawancin abin da za a faɗa a ɗakin taro tasiri a kan ko tsarin zai kai shekara biyu.

Wasu masu ruwa da tsakin ba mutane ba ne kai tsaye, wasu tsare-tsare ne da ke da masu su. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara rahotanninta a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa. In tsarinka zai sa ma'aikacin lafiya ya rubuta marar lafiya ɗaya sau biyu, sau ɗaya domin gundumar lafiya ta Bilma, sau ɗaya dominka, naka zai bari, kuma bai yi laifi ba. OIM na da nata ƙirgar, ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ta Nijar na da masu sa kai a yankin, ƙungiyar Alarme Phone Sahara na da masu sa ido a hanyoyin hamada. Ka san abin da kowannensu ke tattarawa kafin ka ƙirƙiro wani sabon fom. Sannan tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukuma mai kula da ita a Yamai, wato HAPDP. Tsarin da zai adana suna da lambar waya da inda mutum ya nufa ya shiga hurumin wannan hukuma, gara ka je mata da ƙafarka tun farko.

Yadda ake zama da su

Kada ka tara jandarma da direba da fasinja a inuwa ɗaya ka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Mai kaki zai yi magana, saura su gyaɗa kai, ka tashi da takarda mai cewa an amince. Ka gana da kowane rukuni shi kaɗai, sai ka san inda suka saɓa kafin ka yi tunanin haɗa su.

Harshe ma yanke shawara ne. Hausa za ta kai ka nesa a tasha da kasuwa, kuma tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar, amma dattijon Kawar zai fi sakin jiki da Barbarci ko Tubanci, wani direban kuma da Larabci ko Tamashek. Tafinta kuwa shi ma ɗan wani gida ne a garin. In ɗan gidan mai gari ne, akwai maganar da ba za a yi a gabansa ba. Ka sauya tafinta daga rukuni zuwa rukuni in da hali. Lokaci ma haka: ranar da ayarin motoci ya iso kowa na neman abincinsa, ka je ka kalli yadda aiki ke gudana amma kada ka nemi hira. Lokacin girbin dabino kuma masu gonaki ba su da sukuni.

Rubuta abin da ka samu

Ka buɗe rijista, kowane mai ruwa da tsaki da shafinsa: matsayinsa, abin da yake bai wa tsarin, abin da yake so daga gare shi, abin da yake tsoro, wanda ya nuna maka shi, da yadda ake samunsa. Matsayi za ka sa a kan shafi, suna ya biyo baya da fensir. Jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya ana yi musu canjin wurin aiki, har kujerun siyasa ma suna sauyawa: a watan Afrilun 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomin Nijar aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Wanda ya gina yarjejeniyarsa a kan mutum ɗaya ya koma farko a ranar. Bayanin direbobi da fasinjoji kuwa, kada ka sa sunansu ko kaɗan. Rijistar kanta tana iya faɗawa hannun da ba ka so.

Littattafan koyarwa za su ce ka jera mutane a kan ma'auni biyu, iko da damuwa da aikin, ka fi kula da wanda ya haɗa duka biyun. Dabarar tana da amfani wajen sanin wanda za ka riƙa kai wa rahoto. Amma a wuri irin Segedin takan jefa direba da ma'aikacin lafiya da mai gyaran sola a kusurwar marasa iko, alhali su ne za su iya kashe tsarin ba tare da sun ce uffan ba. Ni ina ƙara ma'auni na uku: in wannan mutumin ya janye hannunsa, tsarin zai ci gaba da faɗin gaskiya? Duk wanda amsarsa a'a ce, ya hau sahun gaba komai ƙanƙantar muƙaminsa. Wannan ba matsalar hamada kaɗai ba ce. A watan Oktoban 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta kunna sabon tsarin kwamfuta na tura motoci, ya rikice cikin kwanaki, kiran gaggawa ya yi ta taruwa ba amsa. Binciken da aka yi bayan nan ya ambaci gaggawa da raunin manhajar, ya kuma ambaci rashin jituwa tsakanin shugabanni da ma'aikatan da aka ɗora wa tsarin ba tare da an tafi da su ba.

Inda buƙatu suka yi karo, kada ka sulhunta su a ɓoye cikin rahotonka. Jami'in tsaro na son cikakken suna da ƙasar kowane fasinja. Direba ba zai yi rijista ba in haka ne. Mai ceto kuwa abin da yake buƙata kaɗan ne: mutum nawa, sun tashi yaushe, ta wace hanya, da ruwa nawa. Rubuta ukun gefe da gefe, ka bayyana abin da za a rasa in aka bi kowanne, ka kai wa wanda ke da hurumin yanke hukunci, ka kuma rubuta sunan kujerar da ta yanke. A nawa ganin, tsarin da aka ce na ceton rai ne ya tsaya a kan abin da mai ceto ke buƙata, a bar aikin tantance mutane ga rijistar shinge da ke akwai. In aka haɗa biyun a na'ura ɗaya, motocin da suka fi shiga haɗari su ne za su fara guje mata.

Za ka san ka kusa gamawa idan hira uku ko huɗu a jere ba su kawo maka sabon suna ba. A nan sai ka koma wa kowane rukuni ka karanta musu abin da ka rubuta a kansu, da harshensu, ka bar su su gyara. Sa kwanan wata a kan rijistar, ka kuma rubuta abubuwan da in sun faru dole a sake buɗe ta: sauyin doka, rufe iyaka ko buɗe ta, sabon wurin zinariya, janyewar mai ba da kuɗi, ko sauya wanda ke riƙe da ƙaramar hukuma. Daga 2014 zuwa 2024 yawancin waɗannan sun faru a kan wannan hanyar, don haka a cikin kasafin aikin ka ware kuɗin komawa Kawar aƙalla sau ɗaya a shekara domin sabunta jerin.